Wasiƙar da Baba Bai Tsara Ba

Nana, in kin girma za ki ji 'yan uwa suna cewa ni na ƙwace wa kakanki alƙalaminsa. Wasu da dariya suke faɗa, wasu kuma babu dariya a ciki. Shi ya sa na ga gara in rubuta miki yadda abin ya faru tun muryoyin mutanen gidan suna kunnena, kafin labarin ya ƙanƙance ya koma magana guda da ake jefawa a wajen biki.

A shekarar muna zaune a Mpape, a gefen Abuja, can saman tudu inda mota ba ta kaiwa, sai an sauka a bi 'yar siririyar hanya tsakanin gidaje. Da rana in masu fasa dutse suka tayar da nakiyarsu, ƙasa takan ɗan motsa, kwanukan Inna su yi ƙara, kowa ya ci gaba da abin da yake yi. Baba ya riga ya yi ritaya daga aikin akawu a wata ma'aikatar gwamnati. Abin da ya dawo da shi gida daga ofis, ban da ciwon baya, shi ne iya tsara wasiƙa da Turanci. Duk unguwar an san shi da wannan. Mai neman aikin gadi, mai neman koyarwa, mai neman a ɗauki ɗansa direba, duk ƙofarmu suke zuwa, kuma bai taɓa karɓar ko sisi ba. Yakan zauna a kan bencinsa a baranda, ya lumshe ido, ya riƙa faɗa a hankali mai buƙata yana rubutawa. In an gama, dole a karanta masa daga farko har ƙarshe. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Allah ya sa a dace." Wasiƙar da ba ta sami wannan addu'ar ba, a ganin mutanen unguwa, ba ta gama shiri ba.

Wasiƙun Baba duk kamarsu ɗaya. Suna farawa da durƙuso. Mai nema zai ce cikin matuƙar ladabi da ƙasƙantar da kai yake roƙon a dube shi da idon rahama, a ba shi kowane irin aiki aka ga ya dace da shi. Zai yi alkawarin biyayya da zuwa a kan lokaci. Zai rufe da kiran kansa bawa mai ɗa'a. Da irin wannan wasiƙar Baba ya sami aikinsa tun Abuja tana daji da jar ƙasa, kuma da albashin aikin ya kai mu makaranta. Saboda haka a gidanmu ba a kallon wannan tsarin a matsayin salon rubutu kawai. Abu ne da muka ci muka sha daga gare shi.

Akwai kuma abin da dole in bayyana miki, domin ke babanki yana kiran sunanki tun daga ƙofar gida, har ya ɗaga ki sama. Ni 'yar fari ce, kuma Baba mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunana ba. Ni ce "waccan", ni ce "yarinyar nan". In na zo ta ɗaya a aji, Inna ce za ta gaya masa, shi kuma ya ce "To," ya ƙara muryar rediyo. Kada ki ɗauka rashin so ne. Kunya ce, kuma ina jin son a wasu wurare, kamar yadda yakan tsaya a bakin hanya yana duba agogo ranar da na makara. Amma haka na tashi, a gidan da uba ba ya yabon 'yarsa, 'ya kuma ba ta yabon kanta.

Na dawo daga hidimar ƙasa da takardar digiri da buri mai yawa. Baba ya zaunar da ni a baranda kamar kowa, ya lumshe ido ya tsara mini wasiƙa. Ita na riƙa kwafa ina canza adireshi kawai. Na kai ta ofisoshi da ƙafata, na tura ta ta imel, na ba mutane su miƙa mini. Rani ya wuce, ruwa ya sauka, dutsen bayan gidanmu ya yi kore, ba wanda ya kira ni. Ni kuwa mai yawan mafarki ce tun ina yarinya. Nakan zauna bakin taga ina tunanin wasiƙuna a cikin wani ɗaki mai sanyi, suna kwance a kan juna kamar ganyen da iska ta tara a lungu, kowace tana jiran hannu.

Rannan bayan la'asar Baba ya yi wa Inna magana, ni ina gefe ina wanke shinkafa. Haka yake yi in maganar tawa ce.

"Yayana ya sake kira daga Malumfashi. Gurbin koyarwa a makarantarsa yana nan. In ruwa ya ɗauke waccan ba ta sami komai ba, ta shirya kayanta."

"Malam, a ɗan ƙara mata lokaci mana," in ji Inna.

"Lokacin ke nan na ba ta."

Ban ƙi koyarwa ba, kuma Baffa mutumin kirki ne. Amma na san in na tafi na tafi ke nan. Kuma akwai wani aiki da zuciyata take so, wanda ko ga Inna ban taɓa furtawa ba: aiki da manoma, irin wanda na ɗanɗana a ƙauyen da na yi hidima kusa da Sheda.

Maƙwabciyarmu ta jikin katanga ita ce Anti Rifkatu, mutuniyar Filato, gwauruwa mai 'ya'ya uku, mai dariya da dukan jikinta. A wani ofis take aiki, a sashen da ke tace takardun masu neman aiki. Ita ta turo mini sanarwa a waya, cewa wata ƙungiya mai taimakon ƙananan manoma tana neman wanda zai riƙa shiga ƙauyuka yana koya wa mata adana amfanin gona, yana kuma rubuto rahoto. Ranar Asabar na same ta a tsakar gida tana tsince acca a faifai. Na miƙa mata wasiƙar Baba, na ce ga abin da zan tura. Ta goge hannu a zani, ta sa tabarau, ta karanta. Ba ta kai ƙarshe ba ta dube ni ta saman gilashin.

"Asma'u, aiki kike nema ko sadaka?"

"Aiki, Anti."

"To wannan takardan roƙo ne. Kin san guda nawa irin shi nake gani a tebur nawa? Kowa bawa ne, kowa mai biyayya. Oga na ba bayi yake nema ba, yana da matsala ne, yana neman wanda zai cire masa. Ki cire sunanki a nan ki sa na mai gadinmu, me zai canza?"

Na duba takardar. Babu abin da zai canza.

"Baba ne ya tsara," na ce a hankali.

"Na sani. Ai na ji muryan shi a ciki. A zamanin su ya yi aiki, lokacin mutane kaɗan ne, oga yana ganin fuskan kowa. Yanzu takarda ce fuskanki. Je ki rubuta naki, da bakinki."

Na koma ɗaki da murna kamar an buɗe mini keji. Ka ce wa mai son waƙa ta rubuta da bakinta, ai ka tsokano ruwa. Na cika shafi biyu. Na yi maganar ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, da hannuwan mata masu kama da saiwar itace, da yadda ƙwayar hatsi take barci a cikin rumbu tana mafarkin gona. Har yanzu ina ganin akwai layuka masu kyau a ciki. Anti Rifkatu ta karanta, ta yi dariya har acca ta zube.

"Yesu! Wannan in na karanta a coci mutane za su yi kuka. Amma 'yata, har yanzu ban san me kika iya ba. Na farko kin ɓuya a bayan ladabi, yanzu kin ɓuya a bayan fure. Zauna nan. Me kika yi a ƙauyen nan?"

"Ba wani abu ba, Anti. Koyarwa ce kawai."

"Ba wani abu ba. To buhun waken da matan ƙauye suka kawo wa mamanki har Mpape fa? Na ci alalan shi. Haka kawai mutane suke hawa wannan dutsen da buhu a kai?"

Na sunkuyar da kai. Ta ci gaba da tambaya, ni kuma ina ba ta amsa guntu-guntu, kamar mai cire ƙaya. Abin da ya faru shi ne, an taɓa raba wa matan ƙauyen wasu buhuna na musamman waɗanda iska ba ta shiga, don adana wake da masara ba tare da magani ba. Bayanin yadda ake amfani da su da Turanci yake a jiki, waɗanda suka kawo kuma sun yi jawabi sun tafi. Na tarar wasu sun mayar da buhunan shimfiɗar shanya, wasu suna ɗaure su sakwa-sakwa, ƙwari na cinye waken kamar da. In an tashi daga makaranta sai in bi gida-gida. Na koyi gaisuwa da Gbagyi don tsofaffin su saki jiki da ni, sauran bayanin kuma mu yi da Hausa. Mukan zauna a ƙasa mu matse iskar tare, mu ɗaure leda ta ciki, sannan ta biyu, sannan buhun waje. Na sami wata dattijuwa da ake jin maganarta, ta yarda aka ajiye buhu ɗaya a ɗakinta don gwaji. Da aka kwance shi bayan watanni, a gaban mata, waken yana nan garas. Daga nan su da kansu suka riƙa koya wa juna.

Anti ta ajiye faifan.

"Kin ga abin da suka rubuta suna nema? Kin ga abin da kika yi? To me ya hana ki faɗa?"

"Anti, ai ba kyau mutum ya yabi kansa."

"Ban ce ki ce ke mai hankali ce ko mai ƙoƙari ba. Wannan shi ne yabo, kuma kowa yana rubutawa. Na ce ki faɗi abin da ya faru. Babanki ba zai faɗa ba, ke ba za ki faɗa ba, matan nan ba su san hanyan ofis ba. Wa zai gaya wa mutanen?"

Wasiƙa ta uku ba ta cika shafi ɗaya ba, amma ta fi sauran ba ni wahala. Layin farko ya ambaci aikin da nake nema da inda na ga sanarwarsa. Daga nan na ba da labarin buhunan a taƙaice, abin da na tarar, abin da na yi, da abin da ya biyo baya. Na ce ina jin Hausa da Turanci, ina iya gaisawa da Gbagyi, kuma zaman ƙauye ba ya gundurata. Ban maimaita makarantun da na yi ba, tunda suna cikin ɗaya takardar da ake haɗawa da ita. Na rufe da cewa zan so a ba ni dama mu gana in yi ƙarin bayani. Duk inda na rubuta cewa ni na yi abu, sai in ji kamar na fita tsakar kasuwa babu mayafi. Na goge, na mayar, na sake gogewa. Anti ta cire mini furanni biyu da suka saɗaɗo ciki, ta bar mini ɗaya, wai don a san mutum ne ya rubuta.

Saura turawa. Wayata tana hannuna, dannawa ɗaya ce. Inna ta leƙo ɗaki ta same ni zaune ina kallon ta.

"Ki tura abinki kawai," ta ce da ƙaramar murya. "Shi ina ya san abin da ke cikin waya?"

Na daɗe ina juya maganar. Gaskiya ne ba zai sani ba. Amma tun da na yi wayo ban taɓa ganin takarda ta bar gidan nan ba a karanta masa ba, kuma na ga in na sami aikin ta bayan idonsa, kullum zan riƙa cin abincin da ban iya kallonsa. Washegari da hantsi na same shi a kan benci. Na durƙusa, na ce ina da wasiƙar da zan karanta masa. Ya lumshe ido kamar yadda ya saba. Na fara karantawa. Da na zo wajen buhunan, na ga ya buɗe ido yana kallon bango. Na gama. Can ƙasa aka tayar da nakiya, kwanuka suka amsa, shi bai motsa ba.

"Wa ya tsara wannan?"

"Ni ce, Baba. Anti Rifkatu ta duba mini."

"Babu gaisuwa. Babu roƙo. Ni na yi, ni na koya, ni na iya." Ya juya wajen ƙofar ɗakin Inna. "Kina ji? In mutum ya faɗi wannan duka da bakinsa, me ya rage wa jama'a su faɗa a kansa?"

"Baba, jama'ar ba su san ni ba."

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Ya dube ni, duba na gaske, wanda rabona da shi tun ina ƙarama.

"Tawa ba ta yi ba ke nan."

In na ce ta yi, na yi ƙarya. In na ce ba ta yi ba, na taɓa abin da ya rage masa. Na kawar da idona, shi kuma ya fahimta. Na jira addu'ar. Ya jawo rediyonsa ya kunna.

"Ban hana ki ba," ya ce. Iyakar abin da na samu ke nan.

Na tura ta a wurin, ina durƙushe, hawaye na ɗiga a kan gilashin wayar.

Kafin ruwa ya ɗauke aka kira ni ganawa. Matar da ta jagoranci tambayoyin tana riƙe da wasiƙata, ta ja layi a ƙarƙashin labarin buhunan, kuma kusan duk hirar a kansa aka yi. Har ta tambaye ni yadda na shawo kan dattijuwar. Aka ba ni aikin. Inna ta yi guɗa, Anti Rifkatu ta shigo tana rawa da ludayi a hannu. Da aka gaya wa Baba ya ce "To, madalla," ya kira yayansa ya ce a ba wani gurbin.

Abin da ban hango ba shi ne abin da zai biyo baya. Unguwa irin tamu labari ba ya kwana. Aka ji cewa 'yar Malam ta sami aiki, kuma ba da wasiƙar Malam ba. Masu zuwa baranda suka fara raguwa. Wasu su tare ni a hanya in na dawo daga aiki, wasu su aiko ƙannensu mata su same ni ta ƙofar baya, don kada ya gani. Yana gani. Yakan fito da safe ya zauna a bencin, da biro a aljihun gaba kamar kullum, har rana ta kore shi. Ni na sami abin da nake so, shi kuma ya rasa abin da yake tashi dominsa. Ba wanda ya yi wa wani laifi, amma na ɗauki watanni ina wucewa ta gabansa a kan yatsun ƙafa. Maganarmu ba ta wuce gaisuwa.

Wata Asabar da rana ina wanki, na ji sallama. Haruna ne, magidanci mai 'ya ɗaya, makaniki a Apo, wanda Baba ya sani tun yana rarrafe. Wani kamfanin sufuri yana neman mai kula da motocinsa. Shi bai bi ta baya ba, ya durƙusa gaban benci ya faɗi buƙatarsa. Na tsayar da wankin ina saurare. Baba ya shafa biron da ke aljihunsa.

"Yanzu ba irin tawa ake so ba," ya ce. "Kira waccan."

Na fito da takarda na zauna a bakin baranda, nesa kaɗan da shi. Na tambayi Haruna abin da kamfanin ya ce yana nema, ya gaya mini. Sannan na yi masa tambayar da aka yi mini.

"Malam Haruna, me ka taɓa yi da zai nuna musu ka iya?"

Ya sosa ƙeya, ya kalli ƙasa.

"Wallahi ba wani abu, Anti. 'Yan gyare-gyare ne dai, da taimakon Allah."

Na buɗe baki zan lallashe shi, sai na ji muryar Baba, idonsa a lumshe.

"Ƙarya yake. Motar ɗaukar marasa lafiya ta asibitin ƙasan nan ta shekara a kafe, an kai ta wurare an gaza, shi ya tayar da ita. Ogansa in zai yi tafiya shi yake bar wa makullin gareji. Yara nawa ka yaye, Haruna?"

"Baba, ai..."

"Ba kai nake tambaya don ka yi mini ai ba. Ke, rubuta, ya koyar da yara sun buɗe nasu wurin. Kuma bai taɓa sa wa mutum tsohon kaya ya ce sabo ne ba, ni shaida ne."

Na rubuta da sauri. Baba ya san kowa a unguwar, ya san abin da kowa ya taɓa yi tun daga yarinta, kuma ba ya jin kunyar yabon ɗan wani. Da na gama tsarawa na karanta da ƙarfi. Ya sa aka gyara wuri ɗaya, ya ce in ƙara gaisuwa ko ta layi guda ce, don mutanen ba dabbobi ba ne. Na ƙara.

Tun daga ranar haka muke yi, duk Asabar ɗin da ba na ƙauye. Mai nema ya zauna ya ce bai iya komai ba, kakanki ya ƙaryata shi, ni in rubuta. Na ji shi ya lissafa alherin 'ya'yan mutane da yawa a barandar nan, dalla-dalla, har da abin da su kansu suka manta. Nawa bai taɓa faɗa ba, kuma na san ba zai faɗa ba. Wani lokaci ina rubutu nakan tuna da haka, in ɗan tsayar da biro. Sai in ɗaga kai in ce, "Baba, sai me kuma?" Shi kuma ya ci gaba.